Kaset mai hayaniya

Shekarun baya, lokacin Yauri tana cikin jihar Sakkwato, ni kuma ina sabon malamin firamare a Yelwa mai yawo da biro biyu a aljihun gaba, akwai wani dattijo mai gurmi da ni da abokina muka sa a rai fiye da kima. Ba sananne ba ne. Gidan rediyo bai taɓa sa shi ba, kuma in ka yi nisa da bakin ruwa ka ambace shi, sai a tambaye ka ɗan wane gari ne. Masunci ne, mutumin gungu, wato tsibiran nan da ke tsakiyar kogi kafin a gina dam ɗin Kainji ruwa ya hau ya cinye su. Ranar kasuwa, in la'asar ta yi sanyi, yakan zauna kan wani kifaffen kwalekwale a bakin kwata, inda jirage ke sauke kifi da albasa, ya ɗora gurminsa a cinya ya fara taɓawa.

Ba ya wasa masu kuɗi, ba ya zambo. Abin da yake yi daban ne. Zai yi ta kiɗa yana ɗan gunguni, sai wani cikin taron ya ɗaga murya ya kira sunan tsohon garinsu da ruwa ya ci. Shi ke nan, sai Baba mai gurmi ya ɗauko garin tun daga inda ake ɗaure jirgi, ya bi da mai kiran gida gida. Ga tsamiya, ga dutsen wanki, ga gidan maƙeri, ga gidan tsohuwar da ba ta ba da aron turmi, har ya kai shi ƙofar gidan ubansa ya ajiye. Da ƙuruciyarsa ya yi wa mahaifinsa tuƙi suna tallan gishiri da kanwa daga wannan gungu zuwa wancan, shi ya sa babu lungun da bai sani ba. Mai kiran kuwa ba ya shiru. Yana amsawa, yana gyara masa in ya tsallake gida, wani lokacin yana dariya, wani lokacin yana share hawaye da bakin riga.

Mahaifiyata tana cikin masu kira. Kifin banda take sayarwa a kwatar, kuma ita ma 'yar gungu ce. Ina ƙarami aka kwaso mu aka zuba a gidajen siminti, don haka ban riƙe komai na garin ba sai ƙanshin albasa. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Da can "kai wanga" take cewa, da na fara koyarwa kuma ta koma ce mini Malam, rabi girmamawa rabi tsokana.

To ni, jama'a, ina son waƙar nan har cikin raina, amma hayaniyar wurin tana ƙona mini rai. Ga injin jirgi, ga masu tallan fura, ga awaki, ga mata suna ciniki, ga masu kira suna katse shi. Sau nawa ina miƙewa tsaye da muryar aji ina cewa, "Don Allah jama'a ku yi shiru mu ji!" Ba mai kula ni. A ganina na lokacin, mutanen nan ba su san darajar abin da Allah ya ba su ba, ni da na yi boko na sani.

Abokina ma'aikacin asibiti ne, mai ba da magani, kuma shi ne ya fara sayen rediyo mai kaset mai baki biyu a unguwarmu. Wata rana muna dawowa daga kwata ya ce, "Mutumina, tsohon nan zai mutu da abinsa a ciki. Mu ɗauke shi a kaset mu kai shaguna, duniya ta san shi."

Na ce, "Amma ba a wannan kasuwar mahaukatan ba. Wuri mai tsit za mu nema."

Muka roƙi Baba, ya yi ta nuƙu-nuƙu, daga baya ya yarda don kunyar mahaifiyata. Wata Asabar da hantsi muka kai shi ajina. Muka sayi sababbin batir, muka rufe tagogi, har tsumma na cusa a ƙasan ƙofa. Mutanen kwata kusan goma sun biyo shi, cikinsu har da Inna da mayafinta na fita unguwa. Na tare su a bakin ƙofa.

Na ce, "Inna, ku yi haƙuri ku tsaya waje. Na'urar ba ta son motsi."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta ce, "To, Malam." Ta juya ta tafi, sauran suka bi ta. Wallahi a lokacin ko a jikina, gani nake aiki nake yi.

Baba ya zauna kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya ɗaure tsirkiya, ya taɓa, ya sake taɓawa, yana ta waige-waige. Abokina ya danna jan maɓalli ya yi masa alama da hannu. Baba ya dubi na'urar. Can ya ce, "Malam, to wa za ya kiran gari?"

Na zaro takarda da alfahari. Na ce, "Ga su nan duk na rubuta, Baba. Zan karanta maka yanzu, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya."

Ya ce, "Ni mutum nika rakawa gida, Malam. Takardag ga wa za ni kai ta wurinai?"

Muka yi dariya, muka ce ya dai gwada. Ya gwada, don mutum ne mai kawaici. Murya ta fita tas, gurmi ya fita tas, ko tarin kaza babu. Amma kowane gari layi uku ko huɗu yake ba shi ya wuce. Ga tsamiya, ga masallaci, Allah ya jiƙan na ƙasa, sai na gaba. Kafin gefe ɗaya na kaset ya cika ya ajiye gurmi ya ce ya ƙare. Mu kuwa muka yi ta tafawa da juna.

A zamanin, mai shagon kaset uwa guda yake ajiyewa, in ka zo ka zaɓa ya kwafa maka a kan sabon kaset kana tsaye. Uwar da ba a tambaya kuwa, in ta daɗe, sai ya hau kanta da wata waƙar. Saboda haka muka raba uwaye a shagunan Yelwa, muka aika Birnin Yauri, muka aika Wara ta ƙasar Ngaski, ni na rubuta sunansa a jikin kowanne da rubutuna mai kyau na allo. Sannan muka shiga aikin da har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Kullum sai ɗayanmu ya je shago ya tambaya da ƙarfi, don mutane su ji, "Kana da kaset ɗin mai gurmin nan na bakin kwata? An ce ya fito!" Abokina har hula yake canzawa. Rannan wani mai shago ya gaji ya ce masa, "Likita, jiya ma kai ne ka zo, hula kawai ka sake. In saye za ka yi ka saya, ka riga ka sayi uku."

Ba wanda ya saya sai mu. Ko mutanen kwata da muke ganin za su yi rububi, in aka kunna musu sai su saurara kaɗan, su ce madalla, su ci gaba da cinikinsu. Na ji haushi ƙwarai. Na kai wa Inna har ɗaki na kunna mata, ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe tana gyaran kifi, sannan ta ce, "Muryatai ce kam. Amma ba kowa cikin garin."

Na ce a raina, tsofaffi dai ba a iya musu.

Bayan kamar damina biyu, Baba ya faɗi a cikin jirginsa yana jan taru. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Aka mai da shi tungarsu, wani ɗan ƙauyen masunta a gaɓar tafki. Kifaffen kwalekwalen nan ya zama wurin shanya komar kamun kifi. A wannan tsakanin ne kuma ciwon yana ya rufe wa Inna ido, ta daina zuwa kwata, ta koma zaman tabarma a ƙofar ɗaki.

Wata ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da ita tana motsa yatsu kamar mai lissafi. Ta ji takuna ta ce, "Malam, in ka hau daga tsamiya, gidan wa ka hwara zuwa, na maƙeri ko na mai tukwane?"

Na ce, "Inna, ai ban sani ba. Ina ƙarami muka taso."

Ta ce, "Tun jiya nika son in kai gidanmu, sai in ɓace a hanya. Da ina da ido, in na dubi ruwa ina ganin wurin. Yanzu ba ruwan, ba mai gurmi. Na hwara ɓacewa cikin garinmu."

Ba kuka ta yi ba, a hankali ta faɗa, amma ni sai da na nemi wuri na zauna. A ƙarƙashin ruwan nan mahaifiyarta take kwance, da mahaifinta, da ƙanwata da ta rasu tana jaririya. Ba kabarin da za ta ziyarta. Abin da ya rage mata shi ne ta bi hanyar a cikin kanta, kuma ga shi hanyar tana gogewa. Na tashi da sauri na ɗauko kaset ɗinmu na kunna wurin garinsu. Tsamiya, masallaci, Allah ya jiƙan na ƙasa. Layi uku. A ranar na gane abin da na yi da na tare ta a ƙofar aji, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Na je wa abokina da maganar. Ya ce, "Tsaya. Direbobin jirgin nan ba su rabuwa da rediyo. Ba ka tuna suna ajiye su a bakin jirgi in Baba yana waƙa? Ba mamaki wani ya taɓa dannawa."

Haka muka koma bin shaguna, wannan karon ba da canjin hula ba. Duk Asabar muna kan babur ɗinsa. A Yelwa muka tarar da uwayenmu a can ƙasan kwali, rana ta cinye rubutuna mai kyau. A Birnin Yauri mai shagon ya ce tuni ya hau kan tamu da waƙar Indiya, ya kuma ba mu haƙuri kamar ya yi mana mutuwa. Duk inda muka ce muna neman wani ɗaukan na daban, sai a girgiza kai. Na fara cire rai.

A Wara ne, ranar kasuwarsu, wani mai gyaran rediyo da ke jin mu muna tambayar maƙwabcinsa ya ɗago kai ya ce, "Ko mai hayaniyar nan kuke nufi? Wata mata ta taɓa kawo mini shi zarensa ya tsinke, tana kuka kamar an yi mata rasuwa. Na liƙe mata. Ba sunan kowa a jiki. Ta ce a Shanga ta samo."

Daga Wara zuwa Shanga ba nan kusa ba ne, sai ka dawo ka wuce Yelwa ka yi arewa. Asabar ta gaba muka kama hanya da sassafe, taya ta yi faci sau biyu, muka isa bayan azahar duk mun yi futu-futu. Shagon ba shago ba ne ma, rumfa ce da teburi da rediyo biyu haɗe da waya. Na duba kaset ɗin da ya jera kaf, babu. Na ce masa, "Malam, muna neman na mai gurmi, mai hayaniya."

Ya kalli wandona da birona, ya ce, "Kai kuwa mi za ka yi da shi? Bai da kyau hwa. 'Yan ruwa kaɗai ka tambaya tai, shi ya sa ban jera shi, kar a ce kayana ba su da inganci." Ya sunkuya ƙarƙashin teburi ya jawo wani gwangwanin madara, ya fito da kaset a naɗe cikin tsumma. Ya ce wani direban jirgi ne ya bar masa, shekaru sun fi uku, kuma duk cikin kayansa babu uwar da ya kwafa kamar ta. Mutane daga tungaye suke zuwa takanas, wani ya ce garinsu yana gefen farko, wani ya ce nasu yana na biyu.

Ya kunna. Jama'a, sai ga kwatar Yelwa ta faɗo cikin rumfar nan gaba ɗaya. Injin jirgi, mai fura, akuya, wata tana rantsuwa kan kuɗin albasa. A ƙarƙashin duk wannan ga gurmi, ga Baba, muryarsa tana wasa yadda ban taɓa jin ta a ajina ba. Wani ya kira gari, Baba ya ɗauka, mutumin yana "Ƙwarai! Nan ne!" Muka tsaya muna ji har aka juya gefe na biyu. Can tsakiya sai na ji wata murya siririya mai iyayi ta taso sama da kowa:

"Don Allah jama'a ku yi shiru mu ji!"

Abokina ya dube ni, ya fashe da dariya har da riƙe teburi. Ni kuwa ban samu damar jin kunya ba, domin ban rufe baki ba a cikin kaset ɗin sai ga wata muryar, ta mace, mai ƙarfi, daga wajen masu banda. Ta ce, "Rabu da wanga, Baba!" Sannan ta kira sunan garinsu.

Inna ce. Da idonta, da ƙarfinta.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Mai rumfar ya rage murya ya ce, "Taka ce?" Na ɗaga kai kawai. Ya kwafa mana guda biyu, kuma ya ƙi karɓar komai a kan ɗaya.

Washegari da hantsi na ajiye rediyon abokina a gefen tabarmar Inna. Ban gaya mata komai ba, na dai kai zaren daidai wurin na danna. Da ta ji ni ina cewa a yi shiru, sai ta yi murmushi ta ce, "Ga Malam nan shina aikinai." Da ta ji kanta kuwa, sai ta kama bakinta. Baba ya ɗauko ta daga inda ake ɗaure jirgi. Ga tsamiya biyu, ta maza da ta mata. Ga dutsen wanki mai santsi da ya kayar da amarya. In ka hau, gidan mai tukwane ne farko, sannan na maƙeri. Inna ta ce, "Ashe mai tukwane na!" A cikin kaset ɗin ya tsallake wani gida, Inna ta wancan lokacin ta daka masa tsawa, "Ka bar gidan gwaggona!" mutane suka kwashe da dariya, ya dawo ya shiga gidan gwaggon ya gaishe ta. Inna ta kan tabarma tana bin su da leɓe, yatsunta suna tafiya a kan cinyarta. Har ya zo ƙofar da ke da kwalekwale biyu a jingine, ya ce ga gidan mai saƙar taru, ga ɗiyarsa ta dawo, a buɗe mata. Sannan ya roƙi direbobin jirgi, in sun zo daidai nan su rage inji, akwai masu barci a ƙasa.

Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Kashe hakanan. Na iso."

Ta juya fuskarta bango, ni kuma na fita tsakar gida na yi abin da ban so ta ji ba.

Ɗaya kaset ɗin muka kai wa Baba a tungarsu. Yana kwance, aka kunna masa, mutanen tungar suka cika ɗakin, kuma wannan karon ban hana kowa shiga ba. Hannunsa mai lafiya yana ta motsi a kan ƙirjinsa kamar yana taɓa tsirkiya. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini rufe tagogin nan." Ya kama kunnena ya ɗan ja, rabin bakinsa yana dariya. Daga baya muka kwafi wannan kaset ɗin muka kai uwayensa duk shagunan da muka kai na farko, muka rubuta sunansa da sunan tungarsu a jiki, muka roƙi masu shagon su riƙa gaya wa masu saye inda yake kwance. Ba mu sake canza hula ba. Mutane suka riƙa zuwa gaishe shi da shinkafa da kifi da albasa, har Allah ya karɓi abinsa.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Ni da abokina mun so mutumin nan da gaske, ba ƙarya a ciki. Amma mun so shi yadda muke so duniya ta gan shi, tsaf-tsaf, ba akuya ba mai fura, don kada a ce namu na ƙauye ne. Direban jirgin da ban taɓa sanin ko wane ne ba, wanda ya danna maɓalli kawai ya ci gaba da lodin albasa, ya fi mu yi masa hidima. Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa bayan haka, ina kuma cewa yara su yi shiru, don aikin ke nan. Sai dai na koyi tsayawa in duba tukuna, ko abin da nake kira surutu shi ne darasin.

Inna ta rayu shekara huɗu bayan nan, kuma kusan kullum bayan la'asar sai ta ce, "Malam, kai ni gida." Na san abin da take nufi, sai in ɗauko rediyo. Kaset ɗin yana nan wurina, zarensa ya sha liƙi, jikokina sun mayar mini da shi cikin waya. Sun ce akwai yadda za a yi a goge hayaniyar, har da wurin da nake ihu, murya ta fita tas. Na ce kada wanda ya taɓa mini shi. Duk lokacin da na ji yaron nan mai biro biyu yana cewa a yi shiru, nakan ji kunya har yau, amma ba na tsallake wurin, domin na san wadda za ta yi magana bayansa.